Wutsiyar Kaset ɗin Baba Ladan

"Ina sauran?" Baba Ladan ya tambaye ni.

Ko zama bai gama yi ba. Ɗiyarsa Ummusalma na riƙe da hannunsa na dama, ni ina riƙe da na hagu, muna ƙoƙarin sauke shi kan katifa, amma idonsa na kan buhunan da ke jingine a kusurwar ɗaki. Kwana tara ya yi a asibiti a Gusau. Ranar da aka tafi da shi buhu biyar ne, cike da tsofaffin kaset na bidiyo. Yanzu biyu suka rage.

Na ce masa na duba ukun, babu abin da muke nema a ciki. Fim ɗin Indiya ne, da tallan maganin basir, da waƙoƙin siyasa.

"Har ina ka duba?"

"Farko. Wani minti biyar, wani goma."

"Ka kai su ƙarshe?"

Ƙafafunsa sun kumbura fiye da yadda ya tafi da su, fatar tana sheƙi. Na tsaya ina kallonsu.

"Shamsu, wa ka ba?"

"Muttaka. Tsuntsayen jan-baki sun dame shi ga gero."

Ya lumshe ido. Ummusalma ta ɗauka ciwon ne, ta kai hannu ga ledar magani. Sai muka ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake, har ta juye masa tari.

"Shekara ashirin ina ɓoyon ubanka ga manajoji," in ji shi, "kai kuma ka ɗauke shi ka kai shi korar tsuntsaye."

Ga yadda abin yake. Ban san fuskar mahaifina ba. Rufa'i sunansa, direban a-kori-kura ne tsakanin Kaura da Shinkafi da kasuwannin ƙasar Zurmi. Ina da shekara biyu da 'yan watanni tayarsa ta fashe a hanya, da lodi, bai kai asibiti ba. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin lasisi, kuma ba a ga lasisin ba a wurin. Kakana malami ne mai tsanani, bai yarda an ɗauki hoto ranar aure ba. Na tashi ina jin wasu na cewa kamarmu ɗaya, wasu na cewa ko yatsa ban ɗauko ba. Innata, Kubura, in na tambaye ta sai ta ce dogo ne, ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. Daga baya na daina tambaya. Ni dama magana ba ta dame ni ba. Na gama sakandare, jarrabawa ba ta yi kyau ba, na zauna a shagon cajin waya na Sadiq kusa da tashar mota, inda aiki bai wuce karɓa da miƙawa ba.

Baba Ladan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ladan Kyamara ake ce masa a gari, don shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar hoto a ƙaramar tashar talabijin da ke bayan layin dogo. An sauya mata suna sau huɗu, amma mutanen Kaura ba su taɓa kiranta da komai ba sai Gidan Ƙarfe, saboda dogon ƙarfenta da ake hangowa tun daga gulbi. Shekara shida tana rufe. Bana wata mai suna Mardiyya, da ita da wasu abokan karatunta, suka haɗa ƙarfi suka saye ta, suka fara share ɗakuna.

Ranar da labarin ya iso masa, ya buga katanga da sandarsa, ya ce a turo masa Sarkin Shiru. Haka yake kirana tun ina yaro. Na shiga. Ya ce akwai magana da ya daɗe da ita, bai faɗa ba don ba ya son sa wa mutum rai a kan abin da ke kulle da kwaɗo. Ya taɓa ɗaukar mahaifina a kasuwar Moriki. In kaset ɗin na nan, to yana cikin sito na Gidan Ƙarfe, kuma in ban yi sauri ba za a zuba su a bola.

Na ari baro na tafi. Mardiyya ta fito da hijabi ɗaure a ƙugu da tsintsiya a hannu. Da na ambaci Baba Ladan sai ta ajiye tsintsiyar, ta ce shi ya ɗauke ta tana aji uku, tana karanta hadda a filin yara, ta ruɗe ta yi kuka, ya kashe kyamara ya ba ta alewa ya ce a sake. Ta buɗe min siton da kanta. Allunan suna guda huɗu na jingine a bango, wani bayan wani. Ta ce in kwashe kaset ɗin duka, in na ga abin kirki in faɗa mata.

Sau uku na yi sawu. Da yamma ranar numfashin Baba Ladan ya sarƙe, aka nemi mota sai Gusau. Ban sami tambayarsa komai ba. Gaskiya ita ce ko da na sami dama ba lallai in tambaya ba. Na ɗauka abin a fili yake: ka saka kaset, ka kalla. Sadiq na ba ni ƙaramin janareta tsakanin azahar da la'asar, matar Baba Ladan, Iya Tani, ta buɗe min ɗakinsa inda tsohuwar na'urar bidiyo da akwatin talabijin suke. Kullum in saka, in ga 'yan Indiya na rawa, in cire, in jefa a buhu. Muttaka, wanda gonarsa ke gefen gari, ya gan su a ƙofar gida ya ce in ba su da amfani yana so. Zaren kaset in an ja shi bisa gero yana walƙiya yana kuka da iska, tsuntsu ba ya sauka. Na ce ya ɗauka.

Yanzu ga Baba Ladan kwance, ya sha ruwa, yana yi min bayanin abin da ya kamata in sani tun farko. Ya ce a zamaninsu kaset tsada gare shi. Kowane ɗaya awa uku ne, abin da ake ɗorawa kuma ba ya taɓa cika shi. Doka ce da an watsa shiri a mayar da kaset farko a ɗora wani a kai. Shi kuma yana da shiri mai suna Ranar Kasuwa, yana bin Shinkafi da Zurmi da Moriki da Dauran har Jangeru. In ya dawo, manaja zai zauna ya ce a bar sarkin kasuwa, a bar kansila, a bar farashin hatsi, a yanke sauran. Sauran kuwa su ne mutane: masu fura, 'yan dako, direbobi, tsofaffi masu gaida 'yan'uwa. Sai ya zamana in kowa ya tashi, shi yana tura kaset can wutsiya, minti goma na ƙarshe, ya juye su a nan.

"Duk wanda za ya ɗora sabon abu, farko yaka komawa," in ji shi. "Ba mai haƙurin kaiwa ƙarshe. Manaja huɗu na gani, ko ɗaya bai taɓa kaiwa ba." Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. "Kai ne na biyar."

Ya ce in juya kaset in dubi bayansa. Na ɗauko ɗaya daga buhunan da suka rage. A ƙasa, kusa da kusurwa, akwai 'yan ramuka da aka ƙona da ƙusa mai zafi. Ɗaya Kaura, biyu Shinkafi, uku Zurmi, huɗu Moriki, haka har shida. Na Moriki guda shida ne, ya ce, amma wanda mahaifina ke ciki ya ɓace masa.

Na zazzage buhunan biyu a tsakar ɗaki. Mai rami huɗu guda biyu na samu. Ban tsaya sallama ba na fita.

Gonar Muttaka ba ta da nisa. Yanzu kowa kusa da gari yake noma, gonakin can ciki an bar su saboda 'yan bindiga. Tun daga nesa na hango ta tana ƙyalli, zare baƙi ya ratsa ta tsaye da kwance bisa kan gero, yana karkarwa. Muttaka na ƙarƙashin bishiyar bedi yana gyaran gwafa. Na faɗa masa a taƙaice. Ya cire hula ya riƙe, ya yi salati, ya ce ai da na faɗa masa, shi da Rufa'i tare suka yi makarantar allo. Buhu biyu da rabi suna bukka bai taɓa ba. Sauran ya ja, ya kuma ba maƙwabtan gona.

A bukka na sami uku. Biyar ke nan. Na shida muka shiga nema kunya-kunya, gero na dukanmu a fuska. Yadda yake yi shi ne ya ɓalle murfin gaba, ya ɗaura bakin zaren a turke, ya yi ta tafiya yana warwarewa har ya ƙare, ya yar da kwankon. Mun tsinci kwanko tara babu komai a cikinsu. Kowanne na ɗauka sai na juya bayansa kafin in yi numfashi. Rami biyu. Rami ɗaya. Rami shida, wato Jangeru, ta tafi ke nan har abada.

A turken ƙarshe, bakin iyaka da gonar wani, muka same shi yana lilo. Gona ce ta ƙare kafin zaren ya ƙare, sai Muttaka ya ɗaure shi a nan da igiya. Rami huɗu. Ta cikin gilashin na ga abin da ya saura a kan ƙwaryar da ake naɗe zaren, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Sau biyu aka yi ruwa a kansa, in ji Muttaka. Ya sa wuƙa ya yanke zaren a hankali kamar mai yanke cibiya, ya miƙo min.

Baba Ladan ya karɓe shi ya jijjiga kusa da kunne, ya shinshina. Ya ce a kwance shi a shanya a inuwa, kada rana ta gan shi, kwana biyu. Kafin nan mu kalli biyar ɗin.

Washegari bayan azahar na kawo janareta. Aka jingina shi da matasai uku. Ya ce kar in tsallake kai tsaye, in riƙa turawa da sauri hoto na gudu, yana son ganin abin da aka yi wa aikinsa.

Farkon kaset wani mutum ne da jar hula yana ɗaga kwalba, yana rantsuwa maganinsa na warkar da cuta goma sha biyu. Baba Ladan ya ce waɗannan su ne na ƙarshe, 'yan kamfanin da suka karɓi haya daga wani gari. Ba su buƙatar kyamara, don ba su ɗaukar kowa, talla ake aiko musu da fim. A hannunsu aka sallame shi, da takarda mai layi biyu. Bayan minti ashirin hoton ya yi tsalle, ya yi ƙasa-ƙasa, sai ga 'yan Indiya a kan dutse. Su ma nasu ne, ya ce, na shekarar farko, lokacin suna da kuɗin fim mai tsawo.

Wajen awa ɗaya da rabi Indiya ta yanke a tsakiyar kuka. Sai taro, da tutoci, da maroƙa, da wani mai babbar riga yana ɗaga hannu ta saman mota.

"Alhaji Maitama mai hatsi," in ji Baba Ladan. "Allah ji ƙan shi. Ya sayi tasha don a gan shi. Da safe wa'azi, da rana Alhaji, da marece Alhaji na kallon Alhaji." Ya ce amma mutumin kirki ne, albashi bai taɓa makara ba, kuma da ya faɗi zaɓe bai kori kowa ba, ya dai daina zuwa, har ya ba da ita haya.

Bayan Alhaji sai wata mata da allo tana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, sai malamin gona riƙe da zangarniya. Wannan zamanin ƙananan hukumomi uku ne, Kaura da Shinkafi da Zurmi, da suka karɓi tashar bayan an yanke mana jiha. Kullum suna faɗa a kan wanda zai sayi man janareta, in ji shi, amma a lokacin ne aka fi aiki, don kowace na son a nuna kasuwarta. Kafin su kuwa, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, tashar ba ta da murya tata, abin da aka watso daga can take karɓa ta ƙara masa ƙarfi. Shi a lokacin yaron ɗaukar waya ne.

Daga nan allon ya koma shuɗi. Na kai hannu zan cire.

"Ka gani? Hannun manaja gare ka. Bari."

Muka zauna muna kallon shuɗi, janareta na ƙara a waje. Iya Tani ta leƙo ta koma. Can sai hoto ya ɓullo, da launi mai ja-ja, da hayaniya. Kasuwar Moriki. Shanu har inda ido ya kai. Wata tsohuwa mai goro tana rufe baki da gyale tana dariya, tana cewa a gaida mata ɗanta da ke aikin soja. Wani mahauci na gardama da Bafillace. Yara na tsalle a gaban kyamara. Baba Ladan yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da garuruwansu, da wanda ya rasu da wanda ya yi hijira. Ni ina bin kowace fuska dogo, ina jiran ya ce ga shi.

Bai ce ba. Haka na biyu, haka na uku. Rana ta biyu muka gama na huɗu da na biyar. A na biyar ya yi barci a tsakiyar Alhaji Maitama, na tashe shi da aka zo wutsiya, ya duba har ƙarshe ya girgiza kai.

Daga ranar ya daina cin tuwo, sai kunu cokali uku. Ummusalma ta ja ni zaure ta ce likita ya faɗa musu gaskiya tun a Gusau, zuciyar ta gaji, a kai shi gida. Ta ce in abin nan na wahalar da shi in bari. Na ce to. Ban san yana jinmu ba. Ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce a faɗa wa mai asibitin nan ta zaure cewa aiki bai taɓa kashe kowa a gidansu ba, a kawo masa reza da salatif.

Ranar Alhamis ce. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti na ɗora masa a cinya. Na kwance wani kaset mai lafiya, kusoshi biyar, na cire ƙwaryarsa, na sa tamu a gurbinta. Yana faɗa ina yi. Kar in taɓa fuskar zaren da yatsa. In share gefen da auduga, sau ɗaya, ba komowa. Wajen haɗin ne ya ce in ba shi. Yatsunsa sun kumbura har zobensa ya nutse, rezar tana rawa. Ya ɗora baki bisa baki, ya tsaya, ya ja numfashi, ya yanka a karkace. Hannun bai yi rawa ba a daidai nan. Ya manna salatif ta baya, ya goge da farce.

"Tahi ka kira uwarka."

Na ce mu fara dubawa tukuna, kar a tashe ta a banza.

"In zaren ga ya tsinke, sau guda za ya wuce. Kira ta."

Inna na tsakiyar suya. Na ce Baba na kira. Ta dube ni, ta sauke kaskon, ta wanke hannu, ta sa hijabi. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ƙara ba. Ta zauna a bakin ƙofa kusa da Iya Tani. Na saita wayata a gaban akwatin, na danna ɗauka, sannan na tura kaset.

Shuɗi. Sai layuka fari suna gudu sama. Sai ƙarar iska. Hoton ya zo yana rawa, rabinsa na sama a karkace, inda ruwa ya taɓa. Buhunan dawa. Wani mai rake. Kyamara ta juya ta ɗaga sama, ga farar a-kori-kura an yi mata lodi ya fi ta tsawo, ga mutum a can bisa yana jan igiya da ƙafa ɗaya a kan buhu.

Na ji Inna ta ja numfashi. Ban juya ba.

Dogo ne. Kunnuwansa sun fito kamar nawa. Yana da wushirya, ni ba ni da ita. Kuma tun kafin kyamara ta daidaita a kansa bakinsa ke tafiya. Yana tsokanar mai buhun cewa dawarsa rabi tsakuwa ce, yana ce wa yaron mota ya ja igiya kamar wanda ya ci abinci, yana amsa gaisuwar wani can nesa, duk a numfashi ɗaya. Ni da na ɗauka shirun nan nawa gadonsa ne.

Sai ya hango kyamara.

"Kai, Ladan! Ɗauka ta kaka yi? To tsaya in gyara hula." Ya gyara, ya dafa ƙirji. "Ina gaida mutanen Kaura baki ɗaya. Ina gaida ɗana Shamsu, wanda ba ya kuka ba ya dariya, sai kallo kamar alƙali. Kuma don Allah in ka sa wanga abu yau, a hwaɗa ma mai ɗakina kar ta jira ni da tuwo, sai na biya Shinkafi."

Wani ya yi magana a ƙasa, ya juya yana dariya, ya sosa ƙeya da yatsa biyu. Kyamara ta sauka kan wasu awaki. Daƙiƙa arba'in da bakwai ke nan. Awakin sun fi shi daɗewa.

Zaren ya ƙare, na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Na lura hannuna na kan ƙeyata. Na sauke.

"Na jira shi ranar," in ji Inna. Muryarta ba ta canza ba. "Har tuwon ya huce. Da ya dawo na yi mishi hushi, ya rantse ya aiko."

"Manaja ya yanke," in ji Baba Ladan. Ya juyo da kai wajen ƙofa da ƙyar. "To, Kubura, ga saƙo na kawo. A yi haƙuri da makara."

Iya Tani ce ta fara dariya, tana share ido da bakin zane. Inna ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na motsi, ban san ko wanne take yi ba. Ni na tashi na fita na kashe janareta, na daɗe a tsaye kusa da shi.

Da na dawo ɗaukar wayata, ya riƙe min hannu. Ya ce buhunan nan ba nawa ba ne, ba nasa ba ne. Akwai mutanen Dauran da na ƙauyukan Zurmi cike da Kaura, a gidajen haya da kangaye, wasu shekara biyar ba su ga ƙofar gidansu ba. In kai wa yarinyar nan mai kuka. Na ce to. Ya ce to ɗin nan tawa ta ishe shi, in faɗi magana mai tsawo ko sau ɗaya. Na ce in sha Allahu zan kai su duka, zan kuma kai kowanne ƙarshe. Ya ce yau ya ji muryar alƙali.

Ranar Asabar da hantsi ya rasu. Ummusalma na ba shi kunu, ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ya yi kalmar shahada, ya juya fuska bango. Ina shago aka kira ni. Kafin azahar an yi masa sutura. Mutumin da ya ɗauki jana'izar sarakuna da hakimai, tasa sanarwar a lasifikar masallacin unguwa aka yi ta. Amma mutane sun zo. Muttaka ya ɗauki gaban makara, ni na ɗauki baya. Ba shi da nauyi. A hanyar maƙabarta ana hango Gidan Ƙarfe, da wasu mutum biyu can sama a kan ƙarfen suna ɗaura sabon farantin sadarwa.

Ranar uku Mardiyya ta zo gaisuwa. Da ta fito daga wajen mata na tsayar da ita a zaure, na nuna mata wayata, na yi mata bayanin ramukan ƙusa. Bayanin ya yi tsawo, ban taɓa yin irinsa ba. Ta kalla sau biyu. Ta tambaye ni kaset nawa ne masu rami. Na ce tamanin da ɗaya, ban da tara da suka tafi a gona. Ta ce suna da na'urar da ke juye kaset zuwa kwamfuta amma ba su da mai haƙurin zama. Na ce ina da shi.

Bayan girbi tashar ta fara gwaji, awa biyu kullum bayan la'asar. Akwai labarai da Hausa, akwai filin manoma, akwai talla, don dole a ci abinci. Ranar Laraba kuma akwai minti goma da Mardiyya ta sa wa suna Wutsiyar Ladan. Ba mai gabatarwa, ba kiɗa. Na farko da muka saka na Dauran ne. Na tsaya a rumfar mai shayi ta bakin tasha na kalla tare da mutane. Wani dattijo da ke sayar da rake a baro ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya sa yatsa a kan wata bishiyar tsamiya, ya ce bayan wannan gidansu yake. Washegari mutum goma sha huɗu suka zo Gidan Ƙarfe suna tambaya ko akwai nasu. Na ba su benci, na ɗauko littafi na rubuta suna da gari.

Na Moriki mai ɗinkin salatif ban saka shi ba tukuna. Na tambayi Inna, ta ce a bari sai bayan salla.

Na tura mata shi a ƙaramar wayarta, na koya mata inda ake dannawa. Ba ta taɓa kunna shi a gabana ba. Amma jiya da safe na manta makullin sito na dawo gida. Daga zaure na jiyo muryarsa a tsakar gida, yana ce wa yaron mota ya ja igiya. Na tsaya. Ta jingina wayar a jikin turmi, tana zaune a kujerarta tana murza ƙuli-ƙuli, ba ta ma kallon allon. Kaji na tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarta. Ya gaida mutanen Kaura, ya gaida ni, ya ce kar a jira shi da tuwo.

"To, na ji," in ji Inna, ta jefa wani a cikin mai.